Yadda Ake Zama Mai Bincike a Jami'a a Fannin Sadarwa Marar Waya

A watan Disamba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, wato NCC, ta yi gwanjon wani abu da ido ba ya gani, hannu kuma ba ya taɓawa, kamfanonin MTN da Mafab suka yi nasara, kowannensu a kan dala miliyan 273.6. Abin da suka saya shi ne izinin amfani da yanki mai faɗin megahaz 100 a zangon rediyo na gigahaz 3.5, inda ake tafiyar da 5G. Fili mai tsada irin wannan, wanda kuma ba a iya ƙara masa ko taku ɗaya, dole ne a sami waɗanda sana'arsu ita ce gano yadda za a cusa saƙo mai yawa a cikinsa ya isa inda aka aika shi bai gurɓace ba. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a malaman jami'a ne da ɗalibansu. Wannan bayani na ɗalibin injiniyan lantarki ko na sadarwa ne da yake son shiga sahunsu, kuma zan bi matakan ne yadda suke zuwa a rayuwa.

Tushe, tun a digiri na farko

Matakin farko yana farawa tun kana aji biyu ko uku, kuma shi ne wanda ɗalibai suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Jama'a suna ɗaukar injiniyan sadarwa a matsayin mai hawa ƙarfen sabis, alhali mai bincike yakan ƙare yininsa ne tsakanin takarda da alƙalami da kwamfuta. Dalili shi ne saƙon da ya bar eriya ba hanya ɗaya yake bi ba: yana dukan bango ya dawo, yana lanƙwasawa ta bayan gini, yana ratsa bishiya ya raunana, sannan ya iso wayarka kashi-kashi, wani kashin ya ƙarfafa ɗan'uwansa, wani kuma ya danne shi. Ba wanda zai iya rantse maka da ƙarfin da sigina za ta samu a wani wuri, sai dai ya faɗi yiwuwarsa. Saboda haka lissafin yiwuwa shi ne gaba da kome a wannan fanni. Bayansa sai aljabarar matiriks, wadda da ita ake bayanin tsarin eriya masu yawa, sai lissafin Fourier da sarrafa sigina, sai kuma ilimin maganaɗisun lantarki da masanin kimiyya Maxwell ya shimfiɗa, musamman ga mai sha'awar ƙera eriya.

Akwai gwajin da nakan ba duk wanda ya ce mini yana son wannan aiki. A 1948 Claude Shannon, yana aiki a ɗakunan bincike na Bell a Amurka, ya nuna cewa kowace hanyar sadarwa tana da iyakar saƙon da za ta iya ɗauka ba tare da kuskure ba, kuma iyakar ta dogara ne da faɗin zango da kuma yadda ƙarfin sigina ya rinjayi hayaniyar da ke gurɓata ta. Ka zauna da wannan ƙa'ida har sai ka iya yi wa ƙaninka bayanin dalilin da ya sa ninka ƙarfin sigina sau biyu ba ya ƙara maka fiye da bit ɗaya, wato ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, a daƙiƙa a kan kowane haz na faɗin zango, alhali ƙarin faɗin zango yana buɗe hanya sosai. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa kamfanoni suka zuba waɗancan miliyoyin a gwanjo maimakon su ƙara wa ƙarafunansu wuta. Littafin David Tse da Pramod Viswanath na 2005 da na Andrea Goldsmith na wannan shekarar su ne aka fi karantawa a matakin shiga, kuma na farkon marubutansa sun sa shi kyauta a intanet. Amfaninsu yana cikin tambayoyin ƙarshen babi. Wanda ya karanta bai warware su ba, kallo kawai ya yi.

Kada ka raina tsohon lissafi don ana ta maganar 6G. Robert Gallager ya kawo wata dabarar gyara kuskuren saƙo a kundin digirinsa na uku a jami'ar MIT ta Amurka a 1960, aka ajiye ta fiye da shekara talatin saboda kwamfutocin zamanin ba su iya ɗaukar nauyinta, sai a shekarun 1990 David MacKay na Jami'ar Kambirij ya sake tono ta, yau kuma ita ce ke kare bayanan da 5G ke ɗauka. Da tsohuwar zuma ake magani.

Game da sakamako, ka nemi daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, domin galibi da su ake ɗaukar mataimakin malami, da su kuma masu ba da tallafin karatu suke fara tacewa.

Kayan aiki

Mataki na biyu shi ne hannunka ya saba da kayan sana'a. Ka koyi harsunan shirya manhaja na MATLAB da Python har ka iya rubuta kwaikwayon gwaji da kanka: ka ƙirƙiri saƙo, ka zuba masa hayaniya, ka karɓe shi, ka ƙirga kurakurai, sannan ka kwatanta abin da ya fito da abin da lissafi ya ce. Ran da zanen gwajinka ya hau daidai kan zanen lissafi, ran nan ka fara aiki. Ka koyi rubutu da tsarin shirya takardu na LaTeX tun da wuri, domin da shi ake rubuta yawancin maƙalun fannin.

Idan kana da ɗan abin hannu, ka sayi ƙaramar na'urar nan da ake kira RTL-SDR, wadda ba ta fi girman filashin ajiyar bayanai ba kuma ana soka ta a jikin kwamfuta. Tana jin zango daga wajen megahaz 24 zuwa kusan gigahaz 1.7, kuma idan ka haɗa ta da manhajar GNU Radio, wadda kyauta ce, za ka ga tashoshin FM na garinku sun miƙe a fuskar kwamfuta kamar turaku, ka matsa kusa da megahaz 900 ka ga siginar ƙarfen sabis. Gani ya kori ji. Sai dai ka kiyaye abu biyu: auna ƙarfin sigina daban, sauraron hirar mutane daban, na biyun laifi ne, haka kuma watsa sigina a zangon da wani ya biya lasisinsa ba ya halatta sai da izinin hukuma.

Bayan bautar ƙasa

Nan hanya takan rabu biyu. Wasu sukan sami gurbin mataimakin malami su shiga digiri na biyu kai tsaye, wasu kuma su fara aiki da kamfanin waya ko ɗan kwangilarsa. Shekara ɗaya ko biyu a fagen aiki ba asara ba ce, domin a nan za ka ga matsalolin gaske, amma wanda ya daɗe yakan tarar lissafinsa ya yi tsatsa, albashi kuma ya riƙe masa ƙafa. Ko wacce ka bi, ka fara shirin rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, domin sassan injiniyanci suna tambayarta idan an zo ƙarin girma.

Digiri na biyu da zaɓen tambaya

A nan ne ake gane mai bincike, kuma a nan zan fi daɗewa. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero da ke Kano da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna duk suna koyar da wannan fanni, kuma daga Bayero ne Farfesa Umar Garba Danbatta ya fito ya shugabanci NCC daga 2015 zuwa 2023. Kuskuren da aka fi yi a wannan mataki shi ne ɗalibi ya zo da suna mai ƙyalli, ya ce zai yi aiki a kan 6G ko ƙirƙirarriyar basira, a tambaye shi wace tambaya yake son amsawa ya yi tsuru-tsuru. Tambayar bincike ita ce wadda za a iya faɗa a jimla ɗaya, a kuma iya auna amsarta da abin da kake da shi a hannu.

A ganina ɗalibin da ke zaune a wannan yanki yana da abin da takwaransa na Turai ba shi da shi, wato sararinmu da gine-ginenmu. Ƙa'idar da aka daɗe ana amfani da ita wajen kintata raunin sigina a gari ta samo asali ne daga awon da injiniyan Japan Okumura ya yi a Tokiyo, wanda aka buga a 1968, wani masanin Japan mai suna Hata kuma ya mayar da shi lissafi a 1980 domin zango daga megahaz 150 zuwa 1500. Ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin kwano da lungunan tsohon birni ba su cikin wannan awo. Ko a fili fetal, idan aka tashi daga megahaz 900 zuwa gigahaz 3.5 da eriya iri ɗaya mai watsawa kowane gefe, ana asarar kusan desibel 12 a ma'aunin ƙarfin sigina, balle sigina ta haɗu da katangar laka. Ruwan sama kuma yakan fara yin ɓarna sosai ne idan zango ya haura gigahaz 10, wanda shi ne dalilin da hoton tauraron ɗan'adam ke yankewa a gidajenmu idan hadari ya sauko. Farfesa Gabriel Ajayi na Ile-Ife ya yi suna ne a shekarun 1980 da auna girman ɗigon ruwan sama na ƙasashe masu zafi domin irin wannan lissafi, kamar yadda masu bincike a Khartum suka yi nazarin yadda guguwar ƙura ke taɓa siginar. Hazon hunturu da ruwan damina suna nan kowace shekara, ba kuma sai an saye su ba.

Amma in gaya maka gaskiya, maƙalun da aka rubuta a Najeriya a kan gyara ƙa'idar Hata sun yi yawa, kuma da dama cikinsu ba su da nauyi saboda awon da aka gina su a kai ba a yi shi da kyau ba. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Na shafe kwana uku ina zagaya wata unguwa a mota, kwamfuta a cinya, waya a manne da gilashi, direba yana tafiya kamar mai rakiyar amarya, har matasan unguwar suka tare mu suna tambayar abin da muke leƙe. Da na dawo na baje alƙaluman, sai na ga sigina tana raguwa tana raguwa, can kuma ta yi tsalle ta ƙaru a wurin da ya kamata ta kusa mutuwa. Ashe wayar tana sauya ƙarfen sabis a hanya, ni kuma ban kulle ta a kan guda ɗaya ba, ban kuma adana lambar kowane ƙarfe ba. Aikin kwana uku ya tafi a banza. Don haka kafin ka fita awo ka gaida mai unguwa ka yi masa bayani, ka tabbatar da wurin da ƙarfen yake da tsayin eriyarsa da ɓangaren da ta fuskanta, ka kulle na'urarka a kan ƙarfe ɗaya, ka haɗa kowane awo da wurinsa na GPS da lokacinsa, sannan ka ɗauki matsakaicin awo a kan tazarar da ta kai tsawon igiyar sigina kusan arba'in, wato kamar mita 13 a megahaz 900, domin ka kawar da hawa da saukar da ke faruwa a taku ɗaya. Ka rubuta yanayin ranar ma, ko da hazo ko babu.

Wanda hankalinsa ya fi karkata ga lissafi zalla yana da nasa filin, kuma ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Erdal Arıkan na Jami'ar Bilkent da ke Ankara ya buga dabararsa ta kare saƙo a 2009, a 2016 kuma ƙungiyar 3GPP mai tsara ƙa'idojin wayar salula ta zaɓe ta domin saƙonnin sarrafawa na 5G. Thomas Marzetta ma da lissafi ya nuna a 2010 alfanun tara eriya masu yawan gaske a kan ƙarfe ɗaya, kafin a gina na gwaji mai eriya ɗari a Jami'ar Lund ta Suwidin.

Karatun maƙalu kuma yana da tsari. Ka nemo maƙala ɗaya mai kyau a kan tambayarka, ka bi waɗanda ta ambata ka koma baya, ka bi waɗanda suka ambace ta ka zo gaba, sannan ka sake gina sakamakonta da hannunka. Wurin da ka kasa fito da abin da marubutan suka fito da shi, ko wurin da suka ɗauki wani sharaɗi da bai dace da yanayinmu ba, sau da yawa a nan tambayarka take ɓoye.

Digiri na uku: malami kafin jami'a

Idan ka zo neman digiri na uku, ka fara zaɓen malamin da zai duba aikinka, sunan jami'a ya biyo baya. Shekara uku zuwa huɗu a Ingila, ko wajen biyar a Amurka, zama ne mai tsawo a ƙarƙashin mutum ɗaya. Ka duba abin da ya buga a shekara uku da suka wuce, ka duba ko sunayen ɗalibansa ne ke zuwa farko a maƙalun, ka nemi ɗaya daga cikin waɗanda suka gama a hannunsa ka tambaye shi sau nawa suke zama da shi a wata. Babban farfesan da ba ya ganuwa bai kai matashin malamin da zai karanta rubutunka layi-layi amfani ba.

Wasiƙar da za ka aika masa ta zama gajeriya. Ka ambaci maƙalarsa guda da ka karanta, ka faɗi abin da ka sake ginawa daga cikinta da abin da ka lura, ka haɗa da takardar tarihin karatunka da sakamakonka. Wasiƙar da aka rubuta wa mutum hamsin lokaci ɗaya ana gane ta tun daga gaisuwa.

Wajen kuɗi, ƙofofin sun fi yadda ake zato yawa. A Suwidin da Holan da Norwe ɗalibin digiri na uku ma'aikaci ne mai albashi, ana tallata gurbinsa kamar kowane aiki, don haka ka riƙa leƙa shafukan jami'o'in Suwidin irin su KTH da Chalmers da Linköping. Jami'ar Oulu ta Finlan ta buɗe babban shirinta na binciken 6G tun 2018, cibiyar EURECOM da ke kudancin Faransa kuma ita ce tushen manhajar OpenAirInterface da ake gina tashar gwaji da ita. Akwai tallafin Commonwealth na Ingila da DAAD na Jamus, akwai Jami'ar KAUST da Jami'ar Sarki Fahad a Saudiyya, akwai Jami'ar Fasaha ta Malesiya da 'yan Arewa da dama suka yi karatu a cikinta. Malamin jami'ar gwamnati yana iya nema ta asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ta hannun jami'arsa, sai dai sharuɗɗan suna sauyawa, musamman na karatu a waje, kuma akwai alƙawarin dawowa a yi wa jami'a aiki, wanda amana ce da ya kamata a cika. Yin digirin a gida ma hanya ce mai kyau idan ka sami malami na biyu a waje da za ka ziyarci ɗakin gwajinsa na wasu watanni.

Buga maƙala

Ana auna mai bincike ne da abin da ya buga da kuma inda ya buga shi. A wannan fanni manyan mujallu na IEEE ne, wato ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta duniya, irin su Transactions on Wireless Communications da Transactions on Communications, manyan taruka kuma su ne ICC da ake yi wajen tsakiyar shekara da GLOBECOM da ake yi a Disamba. Tsarin da na fi so ga mai farawa shi ne ya soma da maƙalar taro mai shafi shida ko gajeriyar maƙala a Communications Letters, ya ji abin da masu bita za su ce, sannan ya faɗaɗa aikin zuwa babbar mujalla. Ka shiga IEEE tun kana ɗalibi, lokacin da kuɗin shiga ke da sauƙi.

Za a mayar maka da aikinka, wataƙila ba sau ɗaya ba. Idan sharhin masu bita ya zo, ka ajiye shi kwana biyu har zuciya ta huce, sannan ka ɗauki maganganunsu ɗaya bayan ɗaya, ka kwafo kowace, ka amsa ta a ƙarƙashinta cikin ladabi, ka nuna shafi da layin da ka gyara. Inda kake ganin mai bita ne bai gane ba, ka ɗauka cewa rubutunka ne bai fito fili ba, ka sake shi.

Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne mujallun 'yan kasuwa, waɗanda ke aiko maka da saƙo suna yabonka, su ce za su buga maƙalarka cikin mako guda idan ka biya. Bitar gaskiya takan ɗauki watanni. Maƙala goma a irin waɗannan wurare ba su kai ɗaya a mujallar kirki ba, kuma malamin waje da ya gan su a takardarka zai iya ajiye ta saboda su. Haka kuma al'adar nan ta sa sunan aboki a maƙalar da bai taɓa ba don shi ma ya sa naka gobe, ka nisance ta, domin ran da aka sami kuskure ko satar rubutu a ciki, duk wanda sunansa ke kai zai amsa.

Bayan an zama dakta

Idan hali ya yi, ka yi shekara ɗaya zuwa uku kana bincike a wata ƙungiya daban da wadda ta yaye ka, domin a nan ake koyon rubuta takardar neman kuɗin bincike da kula da ɗalibai. A jami'o'in Najeriya tsani yana tashi ne daga mataimakin malami zuwa malami mai daraja ta biyu da ta ɗaya, sai babban malami, sai mataimakin farfesa, sai farfesa, galibi da tazarar aƙalla shekara uku tsakanin hawa da hawa, kuma a manyan matakai biyu na ƙarshe ana aika ayyukanka ga masana na waje su tantance.

Wanda ya dawo gida zai tarar da aji mai cike da ɗalibai, da takardun jarrabawa, da kwamitoci, da wutar da ba ta tsayawa, kuma da yawa binciken nasu a nan yake mutuwa cikin shekara biyu. Maganin da na gani yana aiki shi ne ka ware safiya biyu a mako ka rufe ofis, ka riƙe zumunci da malaminka na dā ku ci gaba da rubutu tare, ka kuma tsaya a kan tambaya guda ka rarraba ta ga ɗalibanka na digiri na biyu yadda aikin wannan zai ɗora a kan na wancan. Ka riƙa bibiyar sanarwar NCC ta tallafin bincike ga malaman jami'a da ta asusun bincike na ƙasa da ke ƙarƙashin TETFund, ka kuma nemi halartar tarukan horo na cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda aka kafa a 1964 domin masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa. Kuɗin farko da ya shigo hannunka ka fara da sola da batir, sannan kwamfuta mai ƙarfi guda, sannan na'urar rediyon gwaji ta USRP guda biyu, ɗaya ta aika ɗaya ta karɓa. Ka kafa ma'aunin ruwan sama a rufin sashenku tun daminar farko, ka sa ɗalibi ɗaya ya riƙa sauke alƙalumansa kowace Litinin, domin awon yanayi sai ya tara shekaru kafin a iya gina ƙa'ida a kansa.